Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Tarihin Tallafin Noma a Gundumar Sunflower

Na san kun saba ganina da labarin soyayya da rikicin kishiyoyi, to yau ku yi mini afuwa, zan ɗan ajiye su Hajiya da Alhaji in ɗauke ku zuwa gona. Gonar ma ba ta nan kusa ba, ta can ƙasar Amurka. Amma bari in fara da abin da ya ja ni can.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, manomin auduga ne a wani ƙauye kusa da Funtuwa. Ina ƙarama nakan gane kaka ta yi idan na ga ƙayoyin bakin hanya sun yi fari fat da audugar da iska ke figa daga manyan motoci masu zuwa injin gurza. Da ya rasu aka yi rabon gado, wata 'yar gona ta faɗo a kasona. Ni ina aure a Kano, ko riƙon fartanya ban iya ba, sai na bar wa Baffana, ƙanin mahaifin namu, yana nomawa, in an yi girbi ya aiko mini da rabona. Wata shekara aka zo rajistar manoma don tallafin taki, ƙanena ya rubuta sunana da lambar wayata tunda gonar tawa ce. Da damina ta kama sai ga saƙo a waya, wai in je in karɓi buhu biyu a kan rabin kuɗi. Na aika aka karɓo, a nan take aka sayar wa wani ɗan kasuwa, na haɗa kuɗin na rage bashin da maɗaba'a ke bina. Wallahi ko a jikina. Baffa kuwa bashi ya ci ya sayi taki a kasuwa, ya zuba a gonar da nake cin amfaninta.

Bayan shekaru, ɗan yayata da ya je karatu Amurka ya zo mini da tsarabar wani littafin tarihi na Turanci. Karatuna a sakandare ya tsaya, don haka da ƙamus a gefe na yi wata uku ina fama da shi, daga nan kuma na shiga neman ƙarin bayani duk inda zan samu. Labarin wata gunduma ce guda ɗaya da kuɗin da gwamnati ke biyan gonakinta. Ban kai rabinsa ba na tuna da buhunan nan biyu, kunya ta rufe ni.

BAƘAR ƘASA DA FARAR AUDUGA

Sunflower gunduma ce, kamar a ce ƙaramar hukuma a wajenmu, a jihar Misisipi da ke kudancin Amurka. Tana cikin yankin da suke kira Delta, wata shimfiɗaɗɗiyar fadama da kogi ya yi dubban shekaru yana ambaliya yana zube mata baƙar laka. Hedkwatarta garin Indianola, akwai kuma ƙananan garuruwa irin su Ruleville da Doddsville. Ƙasa ce da auduga ke so ƙwarai.

Da aka soke bauta a 1865, bayin da aka 'yanta ba su da fili, masu filin kuma ba su da tsabar kuɗin biyan ƙodago. Sai aka faɗa tsarin da mu ma mun san shi, wato noma-mu-raba. Mai gona zai ba ka fili da bukka da alfadari da garma da iri, ya kuma buɗe maka bashi a kantinsa ka riƙa karɓar gari da mai har kaka. In an ɗebe auduga ya ɗauki rabi, daga rabinka kuma ya cire bashin kanti da ruwan da ya ɗora. Littafin lissafin a hannunsa yake, kai ba ka isa ka ce a buɗe ka gani ba. Iyalai da yawa sai su shekara suna aiki, ranar lissafi a ce musu su ne ma ake bi.

A cikin irin waɗannan bukkoki wata yarinya ta tashi, wadda duniya ta sani daga baya da suna Fannie Lou Hamer. An haife ta a 1917, ita ce auta a cikin 'ya'ya 20, iyayenta suka komo Sunflower tana da shekara biyu. Tana shekara shida mai gona ya yaudare ta da kayan kwalama na kanti ta fara ɗibar auduga. Ta ba da labarin cewa mahaifinta ya taɓa tara ɗan abin da ya tara har ya sayi alfadarai uku don ya tsaya da ƙafarsa, sai wani Bature ya zuba musu guba a abinci cikin dare suka mutu, iyalin suka koma gidan jiya.

Mil kaɗan daga inda take, a Doddsville, akwai gonar iyalin Eastland mai faɗin fiye da eka 5,000. Ɗan gidan, James Eastland, shi ne ya zama sanata, ya yi fiye da shekara 35 a majalisar dattawan Amurka kafin ya sauka a 1978. Ku riƙe sunayen nan biyu, za mu dawo kansu.

SHEKARAR DA AKA BINNE AUDUGA

A 1929 tattalin arzikin Amurka ya rushe. Audugar da ake sayar da laba ɗaya, wato ƙasa kaɗan da rabin kilo, a kan senti 16 ko fiye, ta faɗo zuwa senti 5 ko 6 a 1931 da 1932. Rumbuna cike, masu saye babu, bankuna suna ta ƙwace gonaki. Da shugaba Franklin Roosevelt ya hau mulki, a ranar 12 ga Mayu, 1933 ya sa hannu a dokar gyaran harkar noma. Dabarar ita ce tunda yawa ne ya karya farashi, to gwamnati za ta biya manomi ya rage noma. Kuɗin kuma za a samo su ne daga harajin da aka ɗora wa masaƙu da masu sarrafa amfanin gona.

Matsalar ita ce an riga an yi shuka kafin dokar ta fito. Sai aka ce a bi audugar da ta riga ta yi kore shar da garma a binne ta. Wajen eka miliyan 10 aka kifar a wannan daminar, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na audugar ƙasar. Wani abu da ya tsaya mini a rai shi ne labarin alfadarai. Dabbar da aka shekara da shekaru ana duka don kada ta taka kunyar auduga, yau an ce ta bi ta kan shuka, sai ta toge ta ƙi tafiya. Marubuci ko ya ƙirƙiro wannan a littafinsa sai a ce ya cika ƙari.

Gaskiya dabarar ta yi aiki ta wani fannin. Farashi ya hau zuwa wajen senti 10 a 1933, ya kai 12 a shekarar da ta biyo, manoma da yawa suka tsira da gonakinsu. Amma wa za a miƙa wa cakin gwamnati? A nan gizo ke saƙar. Da mai fili aka ƙulla yarjejeniya, domin shi ke da takarda. A tsarin 1934 da 1935, a kan kowace laba da aka fasa nomawa gwamnati na biyan senti huɗu da rabi. Uku da rabi sunansu kuɗin hayar fili, na mai gona ne shi kaɗai. Ragowar senti ɗaya shi za a raba biyu. Wato ɗan noma-mu-raba, wanda da shi ke da rabin amfanin gona, ya koma yana da kashi ɗaya cikin tara. Wannan ɗin ma ta hannun maigidan nasa zai biyo, shi kuwa sai ya buɗe littafin kanti ya ce ya cire bashi.

Daga nan masu gonaki suka gano wata hanya da ta fi sauƙi. In ka rage noma da kashi ɗaya cikin uku, me za ka yi da dukkan iyalan da ke kan filinka? Kuma in ka sallami mutum daga noma-mu-raba ka mai da shi ɗan ƙodagon yini, ba shi da ko sisi a cakin gwamnati. Haka aka shiga korar iyalai. A watan Yuli na 1934, a garin Tyronza na jihar Arkansas da ke tsallaken kogi, wasu talakawan manoma 18, baƙaƙe da farare, suka kafa ƙungiyar 'yan haya don su kai kuka. Wasu lauyoyi a ma'aikatar gona a Washinton suka ji kukan, suka fassara yarjejeniyar da cewa dole mai gona ya ci gaba da riƙe mutanensa. A watan Fabrairu na 1935 lauyoyin aka kora daga aiki.

Ba abin mamaki ba ne in ka duba su waye ke riƙe da madafun. Mai kula da kuɗin shirin gaba ɗaya, Oscar Johnston, shi ne kuma manajan kamfanin Delta and Pine Land, wata makekiyar gonar auduga a gundumar Bolivar, maƙwabciyar Sunflower, wadda ke cikin masu karɓar caki mafi tsoka a ƙasar. Masu wannan gona kuwa Turawan masaƙu ne na birnin Manchesta a Ingila. Da na karanta haka sai na yi murmushi, domin daga wannan birnin ne aka kafa BCGA a 1902, ƙungiyar da ta zo ta kakkafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau. Ashe audugar kakanninmu da ta su Fannie Lou masaƙun yanki ɗaya suke ciyarwa.

A cikin gunduma kuma, kwamitin manoma ne ke yanke eka nawa kowa zai noma da nawa za a biya shi, manyan masu fili ne kuma ke zaune a kwamitin. An ba kura ajiyar nama ke nan. Har zuwa 1964 babu baƙar fata ko ɗaya a kwamitin wata gunduma a duk kudancin Amurka. Kotun Ƙoli ta soke harajin masaƙu a watan Janairu na 1936, amma majalisa ta sake wa shirin riga a wannan shekarar, ta kuma yi sabuwar doka a 1938. Daga lokacin baitulmali ke biya kai tsaye.

KUƊIN DA YA SAYI TARAKTA

Me mai gona zai yi da tsabar kuɗin da ke shigo masa duk shekara? Tarakta ya saya. Tarakta ba ta cin bashi a kanti, ba ta rashin lafiya, ba ta neman a duba littafi. A kakar 1944, a wata gona kusa da garin Clarksdale a nan yankin Delta, aka gwada injin ɗibar auduga na kamfanin International Harvester a gaban jama'a. Kowane inji ɗaya yana yin aikin mutum 50. Daga baya maganin feshin ciyawa ya zo ya ɗauke aikin masu noman fartanya. Jirgin ƙasa ya yi ta kwasar mutane zuwa Shikago da sauran biranen arewa. Kada in yi ƙarya, da yawansu da murna suka tafi, domin ba wanda ke kewar bulala da littafin kanti. Amma sun tafi hannu rabbana, bayan kakanni da iyaye sun ƙare ƙarfinsu a ƙasar.

Fannie Lou ba ta tafi ba. Ta yi shekara 18 a wata gona kusa da Ruleville, tana noma tana kuma rubuta wa mai gonar awon audugar ma'aikata. A lokacin baƙaƙe ne suka fi yawa a gundumar, fiye da 13,000 sun isa jefa ƙuri'a, amma waɗanda ke da rajista ba su kai 200 ba. Ranar 31 ga Agusta, 1962, ita da mutum 17 suka shiga bas suka tafi Indianola neman rajistar zaɓe. A hanyar dawowa 'yan sanda suka kama direban, wai launin motar ya cika rawaya. Tana isa gida mai gona ya ce ko ta janye sunanta ko ta bar masa fili. A daren ta tattara ta fita. Bayan kwana goma aka zo aka yi ruwan harsashi 16 a gidan da ta fake.

A wannan hunturun hukumomin yankin suka toshe rabon abincin agaji na gwamnatin tarayya, wanda talakawa ke dogara da shi in aikin gona ya ƙare, don su hora masu neman ƙuri'a. Ku lura da kyau. Ma'aikata ɗaya ce a Washinton, ta gona, ke fitar da cakin masu fili, ita ce kuma ke fitar da garin masara da madarar talakawa. Ba a taɓa jin an tsayar da cakin wani don ya yi siyasa ba.

Abin ya kai maƙura bayan dokar noma ta 1965, wadda ta biya masu auduga su bar har kashi 35 cikin ɗari na filinsu ba shuka. A watan Fabrairu na 1967 kuma aka sa dokar mafi ƙarancin lada, dala ɗaya a awa, ta shafi ma'aikatan manyan gonaki. Niyya mai kyau ce, amma masu gonaki sai suka sallami ragowar mutanen suka ƙara sayen maganin feshi. Gundumomi da dama kuma suka daina rabon abinci kyauta suka koma tikitin abinci, wanda a lokacin sai ka biya wani abu kafin a ba ka. Wanda ba shi da ko dala ɗaya fa? A watan Afrilu na 1967 sanata Robert Kennedy ya shiga bukkokin Delta da ƙafarsa, ya ga yara da kumburarren ciki a ƙasar da ta fi kowace arziki a duniya.

A daidai waɗannan shekaru gonar sanata Eastland tana karɓar fiye da dala 100,000 duk shekara daga gwamnati, a 1967 ma abin ya haura 150,000, ciki har da ladan audugar da bai shuka ba. Shi ne kuma yake zaune a kwamitin noma na majalisar dattawa inda ake tsara dokar. Ba sata ya yi ba, a kan doka ya karɓa, kamar yadda ni ma a kan doka na karɓi buhuna biyu.

Fannie Lou ta gane cewa ƙuri'a kaɗai ba ta cika ciki, kuma muddin wani ne ke da filin da kake kwana a kai, to bakinka a hannunsa yake. A 1969 ta kafa gonar haɗin gwiwa mai suna Freedom Farm, da kuɗin taimakon jama'a. Ta fara da eka 40, daga baya aka ƙaro 640. Ana noma kayan lambu ana raba wa iyalai. Amma ambaliya da fari da bashin fili suka taru a kanta, ga rashin lafiya, gonar ta durƙushe a tsakiyar shekarun 1970. Ita kuma ta rasu a watan Maris na 1977. Gwamnatin da ke biyan maƙwabcinta don ya bar fili ba shuka ba ta ceci gonar da ke ciyar da mayunwata ba.

AN SAUYA RIGA

Surutu ya yi yawa a jaridu, sai majalisa ta sa iyaka a 1970, kada mutum ɗaya ya karɓi fiye da dala 55,000 a kan amfanin gona iri ɗaya. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Manyan gonaki suka rarraba kansu a takarda, wannan kamfanin na ɗa, wancan na suruki, kowanne da cakinsa, alhali tarakta ɗaya ce ke nome filin. Dabarar ta yi ƙaurin suna har aka yi mata laƙabi da bishiyar Kirsimeti ta Misisipi, saboda yawan rassanta.

Tun daga nan sunan tallafin yake ta sauyawa. A 1973 aka koma cika wa manomi giɓi in farashi ya gaza wani adadi. A 1996 aka ce za a yaye manoma, a riƙa ba su wani tsayayyen kuɗi yana raguwa har a daina. Da farashi ya faɗi bayan shekara biyu sai ga kuɗin gaggawa, a 2002 kuma aka dawo da cika giɓi. A 2008 aka fara gwada sabon salo, wato a daina kallon farashi shi kaɗai, a dubi kuɗin shiga, yawan amfanin da eka ta bayar a ninka da farashi. A 2014 aka kafa wannan salo a kan ma'aunin gunduma, shi ne kuma ake tafiya da shi har yau tare da na farashi, manomi ya zaɓi wanda yake so.

Ga yadda yake aiki, don na sha wuya kafin in gane shi. Za a ɗauki amfanin da eka ɗaya ke bayarwa a gundumar cikin shekara biyar da suka wuce, a jefar da shekarar da ta fi kyau da wadda ta fi muni, a fitar da matsakaicin ukun da suka rage. Haka za a yi wa farashi. In an ninka su, an sami ma'aunin gunduma. Dokar 2014 ta lamunce wa manomi kashi 86 cikin ɗari na wannan ma'auni, dokar 2025 ta ɗaga shi zuwa 90. Misali, a ce ma'aunin waken suya dala 600 ne a eka, lamuni ya zama 540. In bana gundumar ta tashi da 500, giɓin dala 40 ke nan. Za a biya wannan a kan kashi 85 cikin ɗari na ekokin da gonar ke da su a rajista. Mai eka 100 zai sami dala 3,400. Mai eka 3,000 zai sami 102,000.

Tsarin yana da kyawunsa. Tunda lissafin gunduma ake bi, mutum ba zai ɓoye amfaninsa ya yi ƙaryar asara ba. Ƙananan manoma da yawa ma da shi suke samun bashin banki. Amma ku dubi abin da ake aunawa: eka. Ekar ma ta rajista, wadda aka rubuta bisa abin da aka saba shukawa a filin shekaru da suka wuce, ko da bana wani abu dabam aka shuka. Duk wanda kakansa ya riƙe fili a zamanin da ake korar su Fannie Lou, jikansa na da rajista. Wanda aka kori kakansa ba shi da komai a littafin. Ko manomin da ke haya ya karɓi cakin da hannunsa, mai fili ya san da zuwansa, sai ya ɗora a kuɗin haya. Iyakar abin da mutum ɗaya zai karɓa ta koma dala 125,000 a 2014, ta zama 155,000 a 2025, dokar 2018 kuma ta yarda a lissafa 'ya'yan 'yan'uwa da 'yan'uwan da aka haɗa kaka a cikin iyalin gona, kowa da nasa kason.

A 2001 wata ƙungiya mai suna EWG ta zuba sunayen masu karɓar tallafin a intanet, gunduma bayan gunduma, kowa ya ga abin da maƙwabcinsa ke samu. Lissafinta ya nuna kashi 10 cikin ɗari na masu karɓa su ke kwashe fiye da kashi 70 na kuɗin. Wannan kam na yaba musu, ko ba komai littafin a buɗe yake yanzu.

Sauran lissafin a ƙidayar jama'a yake. A 1920 manoma baƙaƙe a Amurka sun haura 900,000. Kafin ƙarshen ƙarnin ba su kai 20,000 ba. A 1997 suka kai ma'aikatar gona ƙara kan wariya wajen bashi da tallafi, a shari'ar da aka sani da Pigford, a 1999 aka sasanta, akasarin waɗanda suka yi nasara aka ba kowannensu dala 50,000. Kuɗi ne, amma ba ya dawo da gonar da aka riga aka yi gwanjonta. Ita kuwa Sunflower, a 1930 tana da mutum fiye da 66,000. A ƙidayar 2020 ba su kai 26,000 ba. Filin yana nan yana ba da waken suya da masara da shinkafa da auduga, har da tafkunan kiwon tarwaɗa. Mutanen ne babu.

HAR INUWAR TA ISO MU

Kuɗin da aka biya a Delta da Texas bai tsaya a can ba. Manomin da gwamnati ta tsaya masa zai ci gaba da shuka ko farashi ya faɗi, rarar kuma kasuwar duniya take zuwa ta ƙara danne farashin. A 2002 ƙungiyar Oxfam ta lissafa cewa manoman auduga 25,000 na Amurka sun sami tallafin kusan dala biliyan 4 a kaka ɗaya, fiye da duk abin da ƙasar Burkina Faso ke samarwa a shekara. A 2003 ƙasashe huɗu, Benin da Burkina Faso da Mali da Chadi, suka kai kuka gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, rikicin auduga na cikin abin da ya watsa taron Cancun a watan Satumba na shekarar. Burazil ita ƙara ta shigar tun 2002, ta kuma yi nasara. Maimakon Amurka ta daina, sai ta koma biyan Burazil dala miliyan 147 duk shekara daga 2010, a 2014 ta ba ta miliyan 300 aka rufe magana. An cire auduga daga babban shirin a 2014, aka dawo da ita a 2018. Ƙasashen nan huɗu ba su da ƙarfin yin barazanar ramuwa, don haka ba a biya su irin wannan diyya ba.

Ba zan ɗora wa Amurka mutuwar audugar Funtuwa da masaƙun Kaduna ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rashin wuta da fasa-ƙwaurin atamfa da rashin iri mai kyau namu ne. Hukumar sayen audugarmu ma, kafin a rushe ta a 1986, ta shekara da shekaru tana sayen amfanin manomi ƙasa da farashin duniya. Amma duk lokacin da mahaifina ya dawo daga fuloti yana cewa bana auduga ba ta yi kuɗi ba, ashe akwai hannun wata majalisa da bai taɓa jin sunanta ba a cikin lissafin.

Abin da na fahimta daga shekara 90 na tarihin gundumar nan shi ne, duk sanda aka tashi taimakon manomi, tambayar farko ita ce wane ne manomin a takarda. A Sunflower an amsa ta tun 1933, aka ce mai fili ne, duk gyaran da aka yi daga baya a kan wannan amsar aka ɗora shi.

Da na gama littafin na shirya na tafi ƙauye. Na sami Baffa a zaure yana gyaran igiyar shanu, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, ku yafe mini, akwai haƙƙinku a kaina." Na kwashe labarin buhunan nan na faɗa masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Haba 'yar nan, ai tun a shekarar na sani. Wanda ya saya a hannunku shi ya sayar mini." Na rasa inda zan sa kaina. Na ajiye masa kuɗin buhu biyu a farashin yau, ya ƙi karɓa sai da na haɗa shi da Allah. Kafin in taho na sa ƙanena ya yi alkawari a gabansa cewa duk rajistar da za a sake zuwa yi, sunan Baffa da lambar ɗansa za a rubuta.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan labarinmu inda muka tsaya. Wanda kuma yake da gona a ƙauye wani na noma masa, ya ɗan bincika sunan wa ke takarda. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke kanmu, amin.